Kufan Rumawa a kudancin Faransa: bi ruwa daga mafari, sannan ka karanta dutse

Yawancin masu zuwa kudancin Faransa don ganin gine-ginen Rumawa suna yin kuskure iri ɗaya. Su tsaya gaban babbar gadar Pont du Gard su ɗauki hoto, su leƙa filin wasan Nîmes, su wuce Arles da yamma, su koma masauki da hotuna ɗari ba tare da sun gane abin da ya haɗa wannan da wancan ba. Alhali gadar, da filin, da hanyar da Rumawa suka shimfiɗa, da gonakin da suka raba, da jirgin da aka tsamo daga ƙarƙashin kogi, duk gaɓoɓin jiki ɗaya ne. Kufai ƙashi ne kawai, naman yana gidajen tarihi, kuma wanda ya ga ɗaya ya bar ɗaya bai ga komai cikakke ba.

Rumawa sun kama wannan yanki tun kafin su mallaki sauran ƙasar da ake kira Faransa a yau. A shekara ta 118 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) suka kafa birnin Narbo Martius, wato Narbonne ta yanzu, kuma a daidai wannan zamani suka shimfiɗa hanyar Via Domitia da ta haɗa Italiya da Sifaniya. Sun saba kiran yankin da kalmar da ke nufin "lardi" kawai a harshensu, daga nan sunan Provence ya samo asali. Ba daji suka tarar ba. Girkawa sun riga sun kafa Marseille tun wajen shekara ta 600 kafin Miladiyya, 'yan ƙasa kuma suna da garuruwansu a kan tuddai. Da Marseille ta goyi bayan abokin gabar Julius Kaisar a yaƙin basasar Rumawa na shekara ta 49 kafin Miladiyya, Arles ta tsaya wa Kaisar, aka saka mata da matsayi da filaye, aka zaunar da tsofaffin sojoji a cikinta a shekara ta 46. Orange ma haka aka yi ta, garin sojojin da suka ajiye makami. Riƙe wannan a zuciya, domin shi ke bayyana dalilin da ya sa ƙananan garuruwa suke da gine-ginen da suka fi ƙarfinsu: gwamnati ce ke nuna wa 'yan ƙasa ko wane ne mai gida yanzu.

Inda ya fi dacewa a fara shi ne ruwa. Mutane suna ɗaukar Pont du Gard a matsayin gada, amma ba don mutum ko keken doki aka gina ta ba. Guntu ce ta magudanar ruwa mai tsawon kusan kilomita 50, wadda aka yi a tsakiyar ƙarni na farko Miladiyya, ta ɗauko ruwa daga idon ruwan Eure kusa da Uzès zuwa Nîmes. A miƙe, tsakanin wuraren biyu bai fi kilomita 20 ba. Tuddai ne suka tare tsakiya, ruwa kuma ba ya hawa tudu, shi ya sa aka zagaya. Abin da ke tayar da tsigar jikin duk wanda ya san aikin awo shi ne, a duk tsawon nan ruwan ya sauko da mita 12.6 ne kacal. Wato kimanin santimita 25 a kowace kilomita, ƙasa da tsawon takalmin babban mutum. A wasu wurare gangarar ta ragu har zuwa milimita 7 a cikin mita 100. Ba su da injin tura ruwa, ba su da tabarau na awo. Abin da ke hannunsu teburin katako ne mai tsawon kusan mita 6, mai kwarmi a samansa da ake zuba wa ruwa don a ga ko ya daidaita, sai igiyoyi masu dalma a baki, sai sanduna.

Gangarar kuwa ba ɗaya ba ce daga farko zuwa ƙarshe, kuma da gangan aka yi hakan. Da an raba saukar daidai wa daida, da ruwan ya iso kwarin kogin Gardon, wanda gadar ke hayewa, yana sama ƙwarai, sai gadar ta yi tsayin da ba za a iya ginawa ba. Sai masu awon suka sa ruwan ya fi gangarowa kafin gadar, suka rage mata wajen mita 6, ta tsaya a kusan mita 49. Illar wannan dabara ita ce sauran hanyar zuwa Nîmes ta zama kusan shimfiɗaɗɗiya, inda kuskuren ɗan yatsa zai sa ruwa ya tsaya cik. Ruwan kan kwashe fiye da yini da kwana kafin ya isa gari, kuma masana suna ƙiyasta cewa a lokacin ƙuruciyar magudanar tana kai mita kubik 30,000 zuwa 40,000 a rana.

Idan ka iso gadar, kada ka tsaya a nesa. Hawa uku ce, kowane hawa jerin bakuna ne, wato ƙofofi masu lanƙwasa kamar baka: 6 a ƙasa, 11 a tsakiya, 35 da suka rage a sama. Matsa kusa da ƙafafun. Duwatsun ƙasa, waɗanda wasunsu sun kai tan 6, an ɗora su ne ba tare da kwaɓin komai a tsakaninsu ba, nauyinsu da kyan sassaƙa ne ke riƙe da su. Za ka ga wasu duwatsu sun turo kai daga jikin bango kamar an manta a sare su. Ba mantuwa ba ce, a kansu aka ɗora katakon da magina suka taka, kuma an bar su don masu gyara na gaba. A cikin wasu bakunan akwai lambobi da haruffa da masu sassaƙa suka zana don a san inda kowane dutse zai zauna. Ƙafafun da ke fuskantar inda ruwa ke tahowa an yi musu tsini kamar goshin jirgi don su tsaga ambaliya. Sannan ka lura da wani abu da ke ruɗa mutane da yawa: faffaɗar hanyar da kake takawa a hawa na ƙasa ba ta Rumawa ba ce. Gada ce da injiniya Henri Pitot ya jingina wa tsohuwar tsakanin 1743 da 1747. Sunaye da alamun guduma da aka sassaƙa a jikinta na magina ne na ƙarnonin baya-bayan nan.

Cikin magudanar kanta, can a hawa na uku, ana shiga ne tare da ɗan rakiya a wasu lokuta na shekara, kuma ya kamata a nemi gurbi tun da wuri. Ya cancanci wahalar, domin a nan ake ganin abin da ya kashe aikin. Ruwan Eure yana ɗauke da farar ƙasa, irin wadda ke yin ɓawo a cikin tukunyar da ake yawan tafasa ruwa. Shekara bayan shekara ɓawon ya yi ta taruwa a bango har ya kai kaurin kusan rabin mita a wasu wurare, hanyar ruwan ta tsuke. Muddin akwai hukuma mai biyan ma'aikata su kankare, su toshe tsaga, su cire saiwar itatuwa, ruwa yana tafiya. Da hukumar ta yi rauni, manoma suka riƙa huda magudanar suna shayar da gonakinsu, laka ta shiga, zuwa wajen ƙarni na 6 ruwa ya daina isa gari. Ɓawon nan a yau ya zama littafi: zubinsa na ƙasa fari ne mai tauri, alamar ruwa mai tsabta da kulawa, na sama kuwa ja-ja ne mai laushi, alamar zamanin sakaci.

Gidan tarihin wurin yana gaɓar hagu, ɓangaren Vers-Pont-du-Gard. Wanda ya ajiye mota a gaɓar dama, ɓangaren Remoulins, sai ya haye gadar kafin ya same shi. A ciki akwai samfurin injin ɗaga dutse da mutum ke juyawa da ƙafa yana tafiya cikin babbar ƙafar katako, da taswirar dukan hanyar ruwan. Shiga nan kafin ka je gadar ya fi shiga bayan ka gaji.

Ƙarshen labarin ruwan yana cikin Nîmes, a wani lungu da ake kira titin Lampèze, kuma mutane ƙalilan ne ke zuwa. Matattara ce zagayayya da aka sassaƙa cikin dutse, faɗinta kusan mita 6, wadda aka gano a 1844. Ruwa yana shigowa ta ƙofa ɗaya mai kusurwa huɗu, ya fita ta ramuka 10 masu faɗin santimita 40, kowanne yana kaiwa ga bututun dalma zuwa wata unguwa, gidajen wanka, da famfunan titi. Irin wannan matattara da ta tsira haka kaɗan ce a duniya, wadda aka fi sani bayanta tana Pompeii. Minti goma ya isa a gan ta daga bakin titi, amma wanda ya tsaya a nan bayan ya ga gadar shi ne ya ga aikin daga kai har wutsiya.

Filayen wasa iri uku ne, kuma ana yawan cakuɗa su. Mai siffar ƙwai, wanda kujeru suka kewaye ta kowane gefe, na faɗan mutum da mutum ne da farautar namun daji: irinsa ne a Nîmes da Arles. Mai siffar rabin wata, da dogon bango a gabansa, na wasan kwaikwayo ne: Orange ce ke da mafi kyau. Dogon fili mai lanƙwasa a ƙarshe na tseren keken doki ne, na Arles ya kusa ɓacewa gaba ɗaya, amma dogon dutsen da ke tsaye a dandalin République daga tsakiyarsa aka ɗauko shi, aka kafa a 1676.

Filin Nîmes yana da tsawon mita 133, faɗin 101, tsayin 21, kuma yana ɗaukar mutum wajen 24,000. Na Arles ya ɗan fi shi tsawo, mita 136, an gina shi wajen shekara ta 90 Miladiyya. Abin dubawa ba tsakiyar fili ba ne, hanyoyin cikin bango ne. An tsara matakala da lunguna ta yadda babban mutum mai kujerar ƙasa ba zai gogi kafaɗa da talaka ko bawa mai kujerar sama ba, kuma dubban mutane su fice cikin ɗan lokaci. Hau can ƙololuwa a Nîmes ka leƙa waje, za ka ga duwatsu masu rami a jere, guda 120 aka yi, inda ake kafa turakun da ke riƙe rumfar yadi don inuwa.

Me ya sa waɗannan suka tsira, wasu suka zama tarin tsakuwa? Saboda ba a taɓa barinsu kango ba. Da tsaro ya taɓarɓare, mutanen Arles suka shige cikin filin wasansu suka mai da shi ganuwa, suka gina gidaje fiye da 200 da wuraren ibada 2 a ciki. Hasumiyoyi 3 da kake gani a samansa na wancan zamani ne, ba na Rumawa ba. Sai tsakanin 1826 da 1830 aka rushe gidajen. Haikalin Maison Carrée a Nîmes, wanda ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2023, ya yi zaman gida, ya yi bargar dawaki, ya yi coci, ya yi ma'ajiyar takardu, kowane mai amfani da shi ya gyara rufi. Gidan wasan kwaikwayo na Arles kuwa sai ya zama wurin ɗibar dutse kyauta, ginshiƙai biyu ne suka rage a tsaye.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi muhimmanci ga mai ziyara: rarrabe tsohon dutse da sabo. A Orange, bangon nan mai tsawon mita 103 da tsayin mita 37 na asali ne, amma yawancin kujerun da kake zama a kai an sake gina su daga ƙarni na 19, rufin ƙarfe da gilashi na saman dandamali kuma na 2006 ne. A Vaison-la-Romaine, inda aka soma tono a 1907, an sake ɗaga bangaye da ginshiƙai da yawa da hannu mai nauyi, yadda masana na yau ba za su yarda a yi ba. Alamomin ba su da wuya. Sabon dutse gefensa kaifi ne, launinsa ɗaya, fuskarsa sumul. Tsoho ya ci ruwa da iska, yana da ramuka, kuma sau da yawa za ka ga huda a mahaɗar duwatsu biyu, inda mutanen baya suka haƙo ƙarfe da dalmar da ta ɗaure su. Ramuka ƙanana a jere a jikin bango kuma wurin ƙusoshin da suka riƙe allunan mabul ne, domin bangon da kake gani tsirara a da lulluɓe yake da dutse mai launi.

Ramukan nan ma suna magana. Rubutun da ke goshin Maison Carrée da haruffan tagulla aka yi shi, aka ɓalle su tun tuni. A 1758 wani masani ɗan garin, Jean-François Séguier, ya bi ramukan ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya ya gano haruffan da suka zauna a wurin, ya karanta cewa an keɓe haikalin ga Gaius da Lucius, jikokin Sarki Agustus. Tsaya a dandalin lokacin da rana ke bugun dutsen a karkace, ramukan suna fitowa fili.

Gidajen tarihi uku ne ba a tsallakewa. Na Nîmes, Musée de la Romanité, an buɗe shi a 2018 daura da filin wasa. Ƙarfinsa yana kan daɓen ƙananan duwatsu masu launi da aka tono a titin Jean-Jaurès a 2006 da 2007, da tarin duwatsun kabari. A nan za ka ga tsabar kuɗin da aka buga da hoton kada ɗaure a jikin dabino, alamar cin Masar bayan yaƙin Actium na shekara ta 31 kafin Miladiyya, hoton da har yau shi ne tambarin garin. Duwatsun kabarin ba sa buƙatar ka iya Latin, 'yan haruffa sun isa. D M a sama na nuna kabari ne. F bayan suna na nufin ɗan wane, L na nufin 'yantaccen bawan wane. V S L M na nufin mutum ya cika alwashin da ya ɗauka wa abin bautarsa. Ka ƙirga yawan L a ɗaki ɗaya, za ka gane yadda 'yantattun bayi suka riƙe kasuwa da sana'a. Ya kamata mai zuwa da iyali ya san cewa gumaka da mutum-mutumi marasa sutura suna da yawa a waɗannan ɗakuna.

Na Arles, wanda aka buɗe a 1995, shi ne gagarabadau, kuma kogin Rhône ne ya cika shi. A 2007 masu nutso suka tsamo kan mutum-mutumin da wasu ke cewa na Julius Kaisar ne, wasu masana kuma ba su yarda ba har yau. Abin da babu gardama a kansa shi ne jirgin dakon kaya da ake kira Arles-Rhône 3: tsawonsa mita 31, faɗinsa wajen mita 3, na tsakiyar ƙarni na farko, ya nutse da lodin duwatsun gini. An gan shi a 2004, aka ɗago shi a 2011 gunduwa 10, aka baje shi ga jama'a a 2013. Laka ce ta cece shi, da tarin fasassun tuluna da mutanen gari suka yi ta zubarwa a kansa, suka hana iska isa ga katakon. Hatsarin yana farawa ne ranar da aka fito da shi. Katakon da ya shekara kusan 2,000 a ruwa, ruwan ne ke riƙe da siffarsa, in ya bushe haka kawai sai ya motse ya tsage. Don haka aka kai gunduwoyin wani ɗakin bincike a Grenoble, aka jiƙa su cikin wani sinadari mai kama da kakin zuma har ya maye gurbin ruwan, sannan aka daskarar da su aka zuƙe sauran danshin. An kuma cire yawancin ƙusoshin ƙarfe, domin tsatsarsu na iya haifar da sinadarin da zai cinye katakon daga ciki. A bayan jirgin har murhun matuƙa da tukwanensu suna nan.

Na uku ƙarami ne, yana tsallaken titi daga gidan wasan Orange, mutane suna wuce shi. A ciki akwai gutsattsarin taswirar filaye da aka sassaƙa kan mabul, wadda ke da alaƙa da umarnin Sarki Vespasian na shekara ta 77 Miladiyya. An yanka ƙasar murabba'i-murabba'i, kowanne gefensa wajen mita 710, kimanin hekta 50, aka rubuta nawa aka bai wa tsofaffin sojoji, nawa aka mayar wa 'yan ƙasa, nawa gari ke bayarwa haya kuma a kan nawa. A ganina babu wani dutse a duk yankin da ya fi wannan faɗin gaskiyar mulkin Rumawa. Mai sauran lokaci ya ƙara da gidan tarihin Narbo Via a Narbonne, da aka buɗe a 2021, mai bangon duwatsu 760 da aka ciro daga tsohuwar ganuwar gari.

Kwana huɗu ko biyar ne mafi ƙaranci. Zama a Nîmes ko Arles ya fi, tsakaninsu wajen kilomita 30 ne kuma jirgin ƙasa na haɗa su. Daga Paris jirgi mai sauri yana kai Nîmes cikin kimanin awa 3, amma a kula: tashar da ake kira Nîmes-Pont-du-Gard, da aka buɗe a ƙarshen 2019, ba a cikin gari take ba, ba kuma a bakin gadar ba. Nemi tikitin Nîmes-Centre. Babu tikiti ɗaya da ke buɗe ko'ina, domin masu wuraren daban-daban ne, wani na gari, wani na lardi, kufan tsohon garin Glanum kusa da Saint-Rémy kuma na gwamnatin tsakiya. Nîmes da Arles kowacce tana da tikitin haɗaka na wurarenta, shi ya fi araha. Gidajen tarihi da dama suna hutun rana ɗaya a mako, Litinin ko Talata, a duba kafin a tsara tafiya. Filayen wasan kuma har yau ana amfani da su. A lokacin bukukuwan faɗa da bijimai, na Arles wajen Ista da Satumba, na Nîmes wajen Fentikos (bikin Kirista, mako bakwai bayan Ista) da Satumba, da lokacin kaɗe-kaɗen Orange a tsakiyar shekara, sai ka tarar an rufe ko an lulluɓe dutsen da ƙarafa da kujeru.

Afrilu zuwa farkon Yuni ya fi daɗi. Zafin Yuli da Agusta ba na wasa ba ne, a ranar 28 ga Yunin 2019 ma'auni ya kai digiri 46 a wannan yanki, dutse kuma yana mayar da zafi, inuwa babu. Satumba da Oktoba suna da nasu hatsarin, ruwan sama mai saukowa lokaci guda: a 22 ga Satumban 1992 kogin Ouvèze ya yi ɓarna mai yawa a Vaison, ruwa ya haye saman gadar Rumawa mai baka ɗaya, ta tsaya. Sa takalmi mai riƙe ƙasa, domin tsofaffin matakala sun goge suna santsi kuma tsayinsu ba ɗaya ba ne. Kada ka ɗauki ko guntun kasko daga ƙasa, doka ta hana, kuma neman kayan tarihi da na'urar gano ƙarfe sai da izinin hukuma.

Wanda ke da mota ya keɓe yamma ɗaya don Barbegal, kusa da Fontvieille, inda babu ƙofa babu mai karɓar kuɗi. Bi ragowar bakunan magudanar ruwa cikin itatuwan zaitun har ka ratsa wata tsaga da aka sare cikin dutse, sai ƙasa ta yanke a gabanka ta gangara. A kan wannan gangara Rumawa suka jera injinan niƙa 16 masu ƙafafun katako da ruwa ke juyawa a ƙarni na 2, takwas a dama takwas a hagu, ruwan da ya juya na sama ya faɗa kan na ƙasa. Wasu sun ƙiyasta garin da ake niƙawa a rana ya kai tan 4.5. Katakon ya ruɓe tuntuni, amma ɓawon farar ƙasa da ya kama jikinsa ya riƙe siffarsa, ana ajiye da guntayensa a gidan tarihin Arles. Da masana suka bi zubin ɓawon, sai suka ga injinan suna tsayawa na 'yan watanni kowace shekara, wajen ƙarshen bazara zuwa kaka. Gari mai cin burodi kullum ba ya hutu haka, shi ya sa wasunsu ke ganin ana niƙan ne don yin busasshen burodin guzuri na jiragen ruwan da ke tashi daga Arles.